Rodney da Mai Gadin Kwamfuta

Ranar da naƙuda ta kama Kerryn Zadow, tun lokacin da likita ya ɗibar mata bai yi kusa ba, baffanta Rodney ne ya tsaya a ƙofar shagonta yana ɗaga wa motar asibiti hannu. Motar ba ta ko sha kwana ba ya zura makullin shagon a aljihu, ya juyo ya ce da mu kada hankalin kowa ya tashi, injiniya ta tafi amma injiniya na nan.

Ina wurin aka yi, don gidan burodina bango ɗaya ne da shagon. Shekara da shekaru ina sayar wa mutanen garinmu Merrigal burodi da mitfai, wato gasasshen fulawa mai nama a ciki, kuma shekara da shekaru Rodney na zaune a teburin bakin tagata yana ba da labarin abubuwan da ya kusa yi. Ya kusa gina gada a Queensland. Ya kusa zama matuƙin jirgin sama. Abin da ya yi da gaske shi ne sayar wa masu gonakin lemo injinan ban-ruwa har ya yi ritaya, sai kuma wata Lahadi da majigin coci ya ƙi kamawa, ya tashi ya ɗaɗa masa tafin hannu, abin ya kama. Tun daga ranar ake kiransa Farfesa, shi kuwa bai taɓa gane da biyu ake faɗa ba.

Kerryn ce injiniyar gaske. Ta gaji shagon daga mahaifinta, tana zana rumbuna da ƙafafun tankin ruwa da ƙananan gadoji, Stavros Kaloudis mai walda yana haɗa su. A shekarar nan kwamitin Bikin Lemo ya ba ta aikin sabon dandamali na ƙarfe, wanda zai miƙa kan ruwa a bakin tafkin da ke manne da kogin Murray, don an gaji da tsohuwar tirelar da ake hawa kullum. Ta sayi sabuwar kwamfuta, ta sa mata manhajar aikinta, ba ta kai ga fara zanen ba yaro ya ce shi dai yanzu zai zo. Daga cikin motar asibitin ta ce wa Glenys, matar Rodney, wadda ita ce shugabar kwamitin, a yi haƙuri da tirela bana ma.

Rodney ya ce ba a gidansu ba. Ya zauna a teburinsa ya shimfiɗa mana tsarin: shi zai zana, Stavros ya haɗa, ranar da Kerryn ta dawo da jariri ta tarar da dandamali tsaye yana sheƙi. Ya ce ya sha tsayawa a bayanta yana kallon yadda take yi, aikin duk danne-danne ne.

"Ka sha tsayawa a bayana ina girki ma," in ji Glenys, "har yau ba ka iya dafa ƙwai ba."

"Girki ba kimiyya ba ne, uwargida."

"To Allah ya ba kimiyya haƙuri."

Ita manhajar hannu biyu gare ta, ɗaya na zane, ɗaya na lissafi. Za ka zana ƙarfenka, ka faɗa mata nauyin da zai hau kai, sai ɓangaren lissafi ya gaya maka iya lotsawar da zai yi. In kayan sun fi ƙarfinsa sai ya koma ja a kan allo. Wannan kam Rodney ya sani. Abin da bai zata ba shi ne, yana buɗe manhajar sai wani ɗan saƙo ya leƙo daga kusurwar allon ta ƙasa, yana cewa tsaron kwamfutar ya hana wani ɓangare na manhajar aiki, domin bai tabbatar da wanda ya ƙera shi ba.

Rodney ya rufe saƙon. Ya ja layi biyu, saƙon ya dawo. Ya rufe, ya dawo. Kafin a tashi cin abincin rana ya raɗa masa suna mai gadi, kuma ta cikin bango ina jin yana masa magana kamar yadda ake wa yaron da aka ɗauka aiki jiya. Ya tambaye shi ko ya san wanda ya ba uban mai shagon shawarar buɗe shagon. Da ya ga mai gadi ba ya jin magana, sai ya shigo wurina ya ari salatif da guntun kwalin kek, ya je ya liƙe kusurwar allon. Ya ce abin da ido bai gani ba ba ya hana aiki.

Sai dai duk lokacin da ya danna maɓallin lissafi, ƙarar saƙon ce ke fitowa daga bayan kwalin, tin, kamar an taɓa kofi da cokali, lissafi kuwa babu. Stavros na can ƙarshen shago yana gyaran ƙofar garken wani, kowace ƙara sai ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Farfesa, baƙonka na sallama."

Washegari Rodney ya zo da sabuwar fahimta. Ya ce ya kwana yana nazari, ya gano bakin zaren: saƙon ya ce tsaro, kuma tsaro ɗaya ne a shagon, wato akwatin ƙararrawar ɓarayin nan mai maɓallai da ke jikin bango kusa da ƙofa. Kwamfuta sabuwa ce, akwati sabo ne, ai bakinsu ɗaya. In an kashe wancan, wannan zai kwanta. Ya tsaya gaban akwatin ya danna ranar haihuwar Kerryn. Ya danna tasa. Ya danna lambar motarsa.

Jiniyar da ta tashi, har fararen akun da ke kan itatuwan bakin titi sai da suka watse suna ihu. Karen Stavros ya shige ƙarƙashin teburin walda ya kama kuka. Masu sayen burodi suka fito da ledojinsu a hannu, mai aski ya fito da almakashi, wanda ake wa askin ya biyo shi da rabin kai. Ɗan sandan garinmu, wanda shi kaɗai gare mu, ya tsallako titi yana tauna mitfai ɗin da ya saya a wurina, ya kira kamfanin ƙararrawar aka kashe ta, sannan ya tambaya ina ɓarawon.

Rodney ya ce babu ɓarawo, amma tunda hukuma ta zo, yana da ƙara a kan wani mai gadi da ke hana ma'aikaci aiki. Ɗan sandan ya bi shi ciki, ya ɗaga kwalin kek, ya karanta saƙon a tsanake, ya mayar da kwalin yadda ya same shi.

"Ka kawo shi ofis da safe, Farfesa," ya ce. "Ka zo da shaidu."

Wani da ya ji kunya zai lafa, Rodney kuwa ƙaimi aka ƙara masa. Ya nemo lambar masu manhajar, ya shigo shagona ya ajiye wayar a kan tebur ya buɗe murya, don yana so mu ji yadda masana ke magana da juna. Wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Ta ce sun san matsalar: sababbin kwamfutoci na tare ɓangaren lissafi na tsohon zubin manhajar, don ba su gane hatiminsa ba. Maganin shi ne mai kwamfutar ta shiga da kalmar sirrinta ta sauke sabon zubi. Ta ƙara da cewa kafin nan kada ya yarda da kowace lamba da ya gani a allon.

"'Yata, kin san da wa kike magana?"

Ta ce ba ta sani ba, amma sunan da ke kan lasisin na mace ne.

"Ni tun ana yin kwamfuta da katako nake harkar nan."

Ta ce ta yi murna da jin haka, kuma za ta jira kiran mai lasisin. Rodney ya kashe wayar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce kun dai ji, ta tabbatar da duk abin da na faɗa. Na tambaye shi batun kalmar sirrin, ko za a kira Kerryn. Nan Glenys ta sa baki ta ce ba mai kiran yarinyar nan. Jaririn na cikin kwalba a asibitin Adelaide, uwarsa ko barcin kirki ba ta yi, duk wanda ya dame ta da zancen ƙarfe zai gamu da ita. A wannan kam duk muka yarda, shi ma Rodney ya yarda da sauri fiye da kowa.

Dabararsa ta gaba ta wayo ce, a cewarsa. Ya ce kowane mai gadi da fuska yake gane mutum, to za a sauya wa mutumin fuska. Ya yi ta tone-tone a cikin kwamfutar har ya samo fayil ɗin da ake tarewa, ya goge sunansa ya rubuta masa "Hoton bikin aurenmu", ya ja shi ya jefa cikin ma'ajiyar hotuna, tsakanin hoton karen Kerryn da na wani rumbu. Ya kira ni da Stavros mu zo mu ga yadda ake shigar da baƙo ta bayan gida.

Mai gadi bai ji daɗin wannan wasan ba. Abin da a da yake tarewa kawai a ƙofa, yanzu ya gan shi sanye da kayan wani yana laɓe cikin hotuna, sai ya ɗauke shi ɗungurungum ya kulle. Wani babban saƙo ya fito a tsakiyar allo, inda babu kwali: an kawar da barazana.

Rodney ya miƙe tsaye a hankali, ya cire tabarau.

"Kun gani da idonku. Wane ne barazana a shagon nan in ba shi ba? To an kawar da shi."

Ya ɓare kwalin, kusurwar allo fes. Ya danna maɓallin lissafi, ba ƙara, ba saƙo. Manhajar ta nemi hannunta na lissafi ta rasa, sai ta fito da jadawalinta yadda yake tun ba a taɓa shi ba, kowane gida da sifiri. Lotsawa, sifiri. Wahalar ƙarfe, sifiri. Ba jan layi ko ɗaya. Mu ma a lokacin ba mu san abin da ya faru ke nan ba, sai daga baya. Abin da muka gani shi ne Rodney ya riƙe ƙugu yana kallon allo kamar uban da ɗansa ya zo na ɗaya.

Stavros ya leƙa ya ce shi dai bai taɓa ganin sifiri a wurin ba, in Kerryn ta danna lambobi ne ke fitowa masu wutsiya.

"Kerryn yarinya ce, tana koyo."

"Farfesa, ko kujerar da kake kai tana lotsawa."

"Kujerar ba ni na zana ta ba."

Daga nan abin ya zama wasa. Ya ɗora wa zanen nauyin 'yan badujalar gari, sifiri. Ya ɗora tarakta, sifiri. Ya ɗora babbar motar kaya mai jan tireloli, cike da shanu, ya fita bakin titi ya kira masu wucewa su zo su ga sifiri. Sai tunani ya zo masa cewa dandamalin da ke ɗaukar shanu bai ji ba, ai an yi masa ɓarnar ƙarfe. Ya cire ƙafafu biyu na can cikin ruwa, ya danna, sifiri. Ya cire na bayansu. Ya rage kaurin dogayen ƙarafan da ke kwance, ya sake ragewa. Kowace safiya sai ya shigo wurina da sabuwar takarda, dandamalin na ƙara ramewa kamar mai jinya, shi kuma yana ƙara ƙiba. A ƙarshe abin da ya rage ƙafafu ne a gaɓa da wasu biyu a bakin ruwa, sauran duk ya miƙa a sarari kamar harshen kare a rana.

Ya ce Turawan Jamus na kiran wannan salo da wani suna, amma ya manta, tunda shi ya wuce wurin.

Stavros ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce takarda ba ta taɓa ɗaukar kaya ba. Amma biki ya matso, an riga an sanar a gari, tsohuwar tirelar kuma Rodney ya ce wa mai ita ya tafi da abarsa. Stavros ya haɗa abin da aka ba shi, waldarsa kuwa ba ta da makusa. Ya dai faɗa a gaban kowa cewa ranar biki daga cikin motarsa zai yi kallo.

Glenys ba ta san lissafin ƙarfe ba, amma ta san mijinta. Da ta ga ya sa an rubuto allo mai sunan shagon Kerryn zai ɗaura a gaban dandamalin, sai ta tare shi a ƙofata. Ta ce yarinyar nan da sunanta take cin abinci, shekaru ta yi kafin manoman nan su yarda mace za ta zana musu rumbu, kuma in aka zubar mata da mutunci tana kwance a asibiti, to ya nemi wurin kwana a rumfar kwalekwalensa. Rodney ya fara kumbura, sai ta sassauta murya.

"Ban da haka ma, maigida, wa ya yi aikin? Ita ko kai?"

"Ni mana."

"To don me za ka ba wani ladan guminka?"

Kafin la'asar an sake allo, da haruffa manya har sun fi na farkon: zanen R. Zadow. Glenys kuma ta kafa doka a kwamiti cewa alƙalan gasar jam ɗin lemo, irin wanda ake shafa wa burodi, su uku kaɗai za su hau, teburinsu kuma a gefen gaɓa.

Ranar biki gari ya cika. Rana ta buɗe, masu gasa soseji sun tayar da hayaƙi, manoma sun jera akwatunan lemo, tsuntsayen kwasakwasa na shawagi a tafki suna jiran abin da zai faɗo. Dandamalin, gaskiya, ya yi kyau. An shafe shi da farin fenti, an ɗaura masa ƙyallaye ruwan lemo, inuwarsa na rawa a kan ruwa. Alƙalai suka hau suka zauna da cokulansu, dandamali bai ko motsa ba. Mutane suka fara cewa wataƙila dai Farfesa ya san wani abu. Wannan maganar ce ta kai kunnensa, kuma ita ta jawo komai.

Glenys ta tafi raba rigimar masu rumfuna biyu a can bayan fili, ta bar makirfo a kan tebur, irin marar waya ɗin nan. Rodney ya ɗauka. Ya taka har can ƙarshen dandamalin, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya gaishe su, ya ba su tarihin gadar Queensland. Sannan ya ba su labarin mai gadi tun daga farko, yadda ya tare shi, yadda ya yi masa dabara, yadda aka kawar da shi. Ya zaro takarda daga aljihu ya karanta musu sifiri ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikin taro ya ce to a gani a ƙasa.

Ya kira 'yan badujala. Suka dubi juna, suka hau da ganguna da ƙahoninsu, har da Malam Heinrich mai ƙaton ƙahon nan da ake shiga cikinsa kamar riga. Dandamali ya ɗan yi ƙara. Rodney ya ce a lasifika ƙarfe ne ke gyara zama, duk ƙarfe mai lafiya haka yake yi.

Ya kira samarin ƙasar Tonga masu tsinkar lemo, waɗanda suka ci gasar jan igiya da safe, kowannensu kamar ƙofar rumbu. Suka hau suna dariya suna waƙa. Ƙarar ta sake fitowa, wannan karon doguwa. Ɗaya daga cikin alƙalan, Madam Ilse, ta lura jam ɗin da ke cikin ɗan farantinta ya fara tafiya gefe ɗaya, ta ce ko dai a dakata. Rodney ya ce jam ɗin ne bai yi kauri ba, a rage masa maki.

Sai idonsa ya faɗa kan babban akwatin lemon da aka ajiye don gasar cankar nauyi. Mai motar ɗaga kaya ya ce shi ba zai hau ba, yana da iyali. Rodney ya ce ba komai, a sauke a baki, samari su turo shi a kan kura. Suka turo, Rodney na tafe da baya a gabansu yana kiransu da hannu, har akwatin ya iso inda yake tsaye, 'yan badujala na busa taken biki.

Na hango Glenys ta taho da gudu, abin da ban taɓa gani ba. Ba ta iso ba.

Dandamalin bai karye ba, waldar Stavros ba ta saki ko ɗaya ba. Durƙusawa ya yi, a hankali, da ladabi, kamar raƙumin da aka ce ya sauke kaya. Bakinsa ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, har ya sumbaci ruwa ya nutse cikin laka. Rodney, da yake shi ne a ƙarshe, shi ya fara tafiya, a tsaye, hannu ɗaya a sama da makirfo. Akwatin ya kife ya bi shi, lemo ya zubo kamar an buɗe dam. Bayan lemo sai 'yan badujala, suna zamewa a zaune ɗaya bayan ɗaya, waƙar na mutuwa ƙaho bayan ƙaho. Samarin Tonga suka tafi a dunƙule, ba su fasa waƙarsu ba. Teburin alƙalai ne ya zo ƙarshe, da kujerunsa da kwalabensa, Madam Ilse ta ɗaga kwalbar da ta yi niyyar ba ta ɗaya sama da kanta, ta shiga ruwa har ƙugu ba ta bari ko ɗigo ya taɓa ta ba.

Tafkin a wurin bai wuce cibiya ba, sai dai lakarsa na riƙe takalmi. Aka yi tsit, ana ƙirga kawuna da ido. Kowa na tsaye. Malam Heinrich ya juya ƙahonsa, ruwa ya zubo, lemo biyu suka biyo baya. Lemo ya rufe fuskar tafki kaf, kwasakwasa na bi suna ɗauka suna tofarwa.

Cikin wannan shirun lasifikokin fili suka yi gyaran murya.

"Jama'a, a kwantar da hankali, kuma a lura da kyau," in ji muryar Rodney, daga inda yake tsaye da laka har ƙirji. "Ba dandamalin ne ya sauka ba. Ruwan ne ya hau."

Daga can bakin hanya Stavros ya danna hon sau ɗaya. Shi ke nan, filin ya fashe. Akwai waɗanda suka zauna a ƙasa don dariya, ɗan sandanmu ya jingina da rumfar soseji yana share ido. Samarin Tonga suka ciccibo alƙalai suka kai gaɓa, suka koma suka tumɓuke Rodney daga laka, takalmansa suka ce su sun zauna. Glenys na jiransa a baki da tawul. Ta karɓi makirfon tukuna, ta kashe, sannan ta miƙa masa tawul ɗin.

Ba a gaya wa Kerryn ba sai da aka fito da jaririn daga kwalba. Glenys ta ce Kerryn ta yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Amma ranar da ta dawo ta shiga shago, ba dariya na ji ta bango ba. Ta sa kalmar sirrinta, ta sauke sabon zubin manhajar, ta buɗe zanen baffanta ta danna lissafi, ba ta ma ɗora masa kowa ba. Stavros ya ce allon ya koma ja tun daga sama har ƙasa kamar an yanka rago a kai. Ta ce, "Baffa, da a kan kogin ne fa? Da akwai yara a kai?" Can sai na ga Rodney ya fito daga shagon. Ya wuce ƙofata bai ko leƙo ba.

Ya ɗauke ƙafa daga shagona. Teburin bakin taga ya zauna babu kowa, kuma abin mamaki, shayi ya daina daɗi. Masu zuwa su yi masa dariya suka riƙa tambayata ko lafiya. Glenys ta ce yana gida yana wanke kwanuka ba a sa shi ba, abin har ya fara ba ta tsoro.

Ana jiran motar da za ta zo ta cire dandamalin, sai wani mai kamun kifi ya lura cewa yadda abin ya kwanta, daga gaɓa har cikin ruwa, ya fi tsohon gangaren tura kwalekwale na gari daɗin sha'ani, wanda dama ya farfashe. Ya gwada da ƙaramin jirginsa, ya sauka sumul. Kafin mako ya zagayo masunta na layi a wurin. Kerryn ta je ta kore su, ta auna, ta yi lissafi na gaske, ta sa Stavros ya kafa masa ƙafafu a ƙasa ya shimfiɗa masa ƙarfe mai kauri, aka nemi izini aka samu.

Ranar da aka buɗe shi Rodney ya dawo teburinsa, da sabbin takalma. Ya nemi shayi da mitfai. Wani baƙo da ya zo kamun kifi daga garin Mildura na zaune kusa, yana yaba gangaren, ya ce bai taɓa ganin mai kwanciya daidai haka ba. Na ga Rodney ya ajiye kofi, ya gyara zama.

Ya ce wa baƙon ai shi ya zana. Ya ce manyan kamfanoni da injina suke lanƙwasa ƙarfe, su kashe dukiya, shi kuwa da lemo da 'yan badujala ya lanƙwasa nasa, a gaban shaidu, cikin ƙiftawar ido. Da gangan ya ɓoye wa mutane manufar, don in ka ce musu gangare za ka yi, ba mai hawa.

Baƙon ya juya wurin Glenys, wadda ke zaɓen burodi, ya tambaye ta ko da gaske ne.

"Da gaske ne," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Shi ne ma jirgi na farko da aka tura ta kai."